Abin Da Kunnen Sufeto Ya Ƙi

Shekara uku ke nan Auta tana jin a'a daga bakin mahaifinta, har ta san irin gyaran zaman da yake yi kafin ya faɗe ta. Yau ma haka ya yi. Ya ja kujerarsa kusa da taga, ya ɗora 'yar gudumarsa a kan gwiwa, ya ce,

"Ban ba shi ba. Abin da na zubar da hannuna ba zai dawo mini ta ƙofar falo yana neman 'yata ba."

"Baba, mutum ne fa, ba shara ba."

"Me kika ce?"

"Na ce mutum ne!"

"To da me yake ci, in ba da shara ba?"

Auta ta kau da kai. Shekararta talatin da biyu, ita ce malamar aji huɗu a firamaren bakin titi, yara arba'in ke miƙewa in ta shiga aji. Amma a gidan nan Auta ce. Tun rasuwar mahaifiyarta kuwa ita ce mai girki, ita ce mai wanki, ita ce mai neman tabarau in ya ɓace. Da can a gabansa take kuka. Yanzu kukan ma ya gaji, sai ta shiga ɗaki yake biyo ta.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a kamfanin tayil da ke bayan layin dogo, aiki ɗaya tun ranar farko har ranar sallama. Tayil ya fito daga wuta, ya huce, ya biyo bel ɗin da ke jan kaya, shi kuwa yana tsaye cikin rugugin injina da 'yar guduma wadda kanta bai wuce kan yatsa ba. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Lafiyayyen tayil yakan yi amo siriri mai tsawo, kamar an taɓa kofin gilashi da cokali. Wanda ke da tsaga a ciki, irin wadda ido ba ya gani, sai ya ce ƙwas, gajere, a dushe. Wannan Baba zai ture shi gefe, baro ya kwashe shi zuwa bayan katanga. Shi ya sa ake ce masa Sufeto.

Da shekaru suka taru, bayan katangar ya zama tudu. Tudun Sufeto ake kiransa. In an yi ruwa rana ta fito, yakan yi walƙiya kamar bayan wani ƙaton kifi da ya kwanta a gefen gari, ƙadangaru suna hawa suna zamewa.

Da aka sallami Baba aka ba shi agogon bango, amma gudumar ya taho da ita gida. Kofi, ƙofa, kankana, randar fure, babu abin da bai ƙwanƙwasa ba. Masu neman Auta ne kawai bai buga da guduma ba, su ma saura kaɗan. Yakan zaunar da mutum, ya sa shi magana, ya karkata kai yana saurare. In baƙo ya fita sai ya ce,

"A dushe yake. Akwai tsaga a ciki."

Mutum huɗu suka tafi a haka.

Na biyar shi ne wanda unguwa ke kira Injiniyan Bola. Ya yi karatun zanen kayayyaki, ya ƙi aikin ofis, ya je ya kafa rumfar kwano a gindin Tudun Sufeto da izinin kamfani. Yana haƙo tayil ɗin da aka zubar ya niƙa, ya haɗa da garin fasassun kwalabe da yake samowa a kamfanin lemo, ya zuba a mazubi, ya mayar wuta. Abin da ke fitowa shi ne faifan tebur, kwanon wanke hannu, kujerun tsakar gida masu ƙafafun guntayen bututu. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, kamar yana tsoron tada wani daga barci. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa, Baba ya ce ko rabin zancensa bai fito ba.

Shi kuwa Dila, mai shagon kayan ɗaki na waje a babban titi, in ya yi sallama a ƙofar gida sai an amsa masa a gida na uku. Wata biyar ke nan yana zuwa.

"Wannan," in ji Baba, "shi ne mai amo."

*

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta bi Auta ɗaki ta zauna a bakin gado ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ke dai kin iya wahalar da mutane. Mene ne aibin Dila?"

"Babu, Gwaggo."

"To?"

"Ba shi nake so ba."

"So! Ji mini ita. Ɗalibanki na farko ma sun fara kawo mana katin biki. Kin duba madubi kwanan nan? Ga furfura nan guda biyu a gefen kunnenki, na gan su tun daga ƙofa. Mutum ga mota, ga shago hawa biyu, ga fara'a, ke kin nace wa mai tonon juji. In an tambaye ni me surukinmu ke yi in ce me? Yana bin bayan Yaya yana tsince abin da ya yar?"

"Ki ce yana yin tebur."

"Da shara."

"Gwaggo, kwanon da kike wanke hannu a ciki a gidanki, wanda kika ce maƙwabta na tambayar inda kika samo, shi ya yi."

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Kwano daban, miji daban."

Hawaye suka zubo wa Auta, ba ta ko share ba.

"Na gaji, Gwaggo. Wallahi na gaji. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai don ya ji ni. Ya kori na farko na yi haƙuri, ya kori na biyu na yi haƙuri. Wannan ba zan iya ba. Kuma ba zan fita gidan nan ba sai da albarkarsa. To ina zan sa kaina?"

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Ba muguwa ba ce, ita ma gajiyar ce. Ta tashi ta koma falo, Auta tana jiyo muryarta a sama kamar mai talla.

"Yaya! Ka yanke magana ɗaya mu huta! Yarinyar nan tana ƙarewa a tsaye!"

Sannan Baba ya kira Auta.

"Ranar Asabar da hantsi su zo su biyun. Kowa ya kawo abu ɗaya daga cikin sana'arsa. Zan ƙwanƙwasa. Wanda kayansa ya yi amo, shi na ba. Wanda nasa ya dushe, kar in sake ganin takalminsa a ƙofata." Ya ɗaga gudumar. "Wannan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

A karo na farko cikin shekara uku Auta ta ji ƙirjinta ya yi sauƙi. Ta sha jin amon teburan Injiniya. Ko zobe ya taɓa su sai sun yi waƙa.

*

Washegari da aka tashi makaranta ta bi ta rumfarsa. Ta same shi yana tankaɗe garin tayil, gashin girarsa fari fat da ƙura. Ya cire ƙyallen hanci ya yi murmushi.

"Malama. Yau wa aka kora?"

"Babu wanda aka kora. Injiniya, an buɗe mana ƙofa."

Ta faɗa masa sharaɗin, tana haɗa magana da dariya. Ta zaci zai yi tsalle. Sai ta ga ya ajiye rariya a hankali, ya nemi bokiti ya kife ya zauna a kai.

"Shi da kansa zai buga?"

"Da wa zai buga? Mene ne? Kana shakkar aikinka?"

"A'a."

"To me ya sa fuskarka ta zama haka?"

Ya miƙe ya ɗauki wata doguwar ƙusa, ya ce ta biyo shi. Suka zaga bayan rumfa, inda ya yanki tudun daga sama har ƙasa kamar an yanka burodi. Auta ba ta taɓa zuwa ta nan ba. Tayil ne jere bisa jere, kowane zamani da launinsa.

"Kin ga na ƙasan nan kore? Lokacin da ake yayin kore ke nan, kina goye. Na samansa ruwan ƙasa. Sai mai zanen ganye. Shekarun Baba ne gaba ɗaya a kwance a nan, ina karanta su kamar kalanda." Ya zaro wani kore da bai fashe ba, ya riƙe shi da yatsu biyu, ya miƙa mata ƙusar. "Buga."

Ta buga. Ƙwas.

Ya zaro ruwan ƙasa. Ƙwas. Mai zanen ganye. Ƙwas.

"A cikin waɗannan ban taɓa samun guda ɗaya da ya zubar bisa kuskure ba," in ji shi. "Ko ɗaya. Injin da suka sa a madadinsa bai kai shi ba."

Sannan ya taka tsani ya sauko da wani fari mai shuɗin fure daga can sama. Ya goge shi da hannun riga.

"Buga wannan."

Ta buga. Amo ya tashi siriri, ya yi tsawo, ya bi iska har ya ɓace.

Ya sauko da wani. Haka. Wani kuma. Haka.

"Ban gane ba," in ji Auta.

"Daga inda farin nan ya fara har sama, fiye da rabinsu lafiyayyu ne. Shekarunsa huɗu na ƙarshe ke nan. Ba tayil ne ya lalace ba, Malama. Rugugin injin ne ya cinye masa siririn amo. Yana jin murya mai kauri, yana jin ƙofa in ta buga. Amma abin da yake nema da gudumar nan, ya daina isa gare shi."

Auta ta dafa tsanin.

Ta tuna butar shayi. Sau biyu Baba yana sa ta canja buta wai ta daina fito, ita kuwa tana jin fiton tun daga tsakar gida, ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ta tuna yadda yake zama a taga yana cewa tsuntsaye sun bar unguwar nan, duniya ta lalace, alhali ga su jere a kan wayar lantarki suna ta surutu.

Ta tuna Dila da muryarsa.

"Ke nan ranar Asabar..."

"Ko zinariya na kawo, ƙwas zai ji."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun kafin in san ki."

"Tun kafin ka san ni." Ta maimaita a hankali. "Shekara uku kana kallona ina zuwa nan da kumburarrun idanu. Shekara uku yana ce maka mai tsaga, kana cewa na gode Baba. Kana da maganar da za ta raba mu da wannan wahala, ka binne ta a bayan rumfa?"

"Malama, saurare ni."

"Na saurara! Aikina ke nan tun ina yarinya, saurare!"

"Kamfani sun gane. Ba wanda ya iya gaya masa. Suka yi masa taro, suka ba shi agogo, suka ce ya huta. Manyan da suka yi aiki da shi shekara talatin sun kasa, sai ni? Ni mai kwasar abin da ya zubar in je falonsa in ce, Baba, kunnen nan da kake taƙama da shi ya mutu tun tuni? Mahaifiyarki ta rasu. Aiki ya tafi. Me ya rage masa ban da wannan?"

"Ni na rage masa. Ni ce kuma ke biyan kuɗin wannan shiru naku."

Ya mayar da idonsa kan tayil ɗin da ke hannunsa.

Ta zauna a matakin tsani ta yi kuka sosai, irin wanda ta daɗe ba ta yi a gaban mutum ba. Shi kuwa yana tsaye da farin tayil a hannu, ya kasa ajiyewa.

"Kana tausayinsa," in ji ta da ta samu numfashi. "Na gode. Ubana ne, na fi ka tausayinsa. Amma kai in an kore ka ranar Asabar, nan za ka dawo ka ci gaba da tankaɗe. Ni fa? In zauna gidan Dila yana yi mini magana kamar ina tsallaken titi, ko in zauna gidanmu ina canja buta har in tsufa?"

"Zan jira."

"Jiran me? Ya mutu? Haka kake so in zauna ina jira?"

"Subhanallahi. Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi?"

Ya ɗago ya dube ta. Idanunsa sun yi ja, ƙura ta yi layi a kumatunsa.

"Zan zo ranar Asabar. Zan kawo mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi. Abin da ya ce, na karɓa. Amma bakina ba zai faɗi wannan magana ba, na yi wa kaina alkawari."

Auta ta miƙe, ta karkaɗe siket, ta ɗauki jakar littattafan yara.

"Kai ka yi alkawari," ta ce. "Ni ban yi ba."

*

Faɗin magana a rumfa ya fi faɗinta a gida sauƙi. Kwana uku tana ɗaukar maganar zuwa falo tana dawowa da ita.

Ranar Juma'a da yamma ta kai masa shayi. Yana taga, ya zuba wa wayar lantarki ido. Tsuntsaye bakwai ne a kai, ta ƙirga, suna ta hayaniya kamar 'yan aji ɗaya.

"Kin gan su?" in ji Baba. "Irin na yanzu ke nan. Ga baki, babu kuka. Lokacin mahaifiyarki, su suke tashinmu."

Auta ta buɗe baki. Ta rufe.

"Sha shayinka, Baba, kar ya huce."

*

Asabar da hantsi Dila ya riga kowa zuwa. Leburori biyu suka shigo da teburin gilashi mai ƙafafun azurfa, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba.

"Baba Sufeto! Ranka ya daɗe! Jiya jiya aka sauke shi daga jirgi! Ko masu shi ba su taɓa cin abinci a kan irinsa ba!"

Baba ya yi murmushi, don ya ji kowace kalma.

Injiniya ya shigo bayansa, shi kaɗai, rungume da faifan tebur a cikin bargo. Ya kafa ƙafafun, ya ɗora faifan, ya janye bargon. Zagayayye ne, launin toka mai haske, da ɗigo-ɗigon kore da ruwan ƙasa da shuɗi a warwatse, kamar sararin sama in an kalle shi a cikin ruwa. Gwaggo ta miƙa hannu za ta shafa, ta tuna ɓangaren da take, ta janye.

"Sharar ce wannan?" in ji Dila yana dariya. "Kai, an dai yi mata wanka!"

Injiniya ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa da ka.

Ya miƙe da ƙyar, ya goge kan gudumar da babban yatsa kamar yadda ya saba. Ya tsaya a kan teburin Injiniya, ya karkata kai, ya ƙwanƙwasa.

Amon ya cika falon. Ya daɗe yana yawo, har kofunan da ke cikin kabad suka amsa masa ƙasa-ƙasa. Dariyar Dila ta tsaya. Gwaggo ta saki baki.

"A dushe," in ji Baba. "Na faɗa tun farko."

Gwaggo ta dubi Auta. Auta tana kallon ƙasa.

"Na gode, Baba," in ji Injiniya. Ya durƙusa ya fara naɗe bargonsa.

"Baba," in ji Auta da ƙarfi. "Saura ɗaya. Ka ce su biyu."

"Wannan ai sabo ne, Auta," in ji Dila. "Me za a gwada?"

"Magana ɗaya nake yi," in ji Baba. "Na ce biyu, biyu ne."

Ya matsa ga teburin gilashi ya ƙwanƙwasa. Gilashi ya yi ƙara, kowa ya ji. Baba ya haɗe gira. Ya sake bugawa a gefe. Ya sake a tsakiya.

"Wannan ma akwai tsaga."

"Tsaga! Baba, a ina? Wallahi daga kwali aka fito da shi!"

"An cuce ka, ɗana. Kayan yanzu duk haka suke. Rabon da in ji abu mai amo..." Ya tsaya. Kamar yana lissafin rabon, lissafin yana ƙin ƙarewa.

Auta ta juya ta nufi ɗakinsa.

"Malama," in ji Injiniya a hankali. "Kar ki yi."

Ba ta waiwaya ba.

A saman sif ɗin Baba akwai wani tayil kore naɗe cikin tawul. Shi ne na farko da ya wuce a hannunsa ranar da ya kama aiki. Uwa yake ce masa. Da can kowace safiya sai ya ƙwanƙwasa shi kafin ya fita, don kunnensa ya tuna yadda lafiya take. Tun da ya gwanance ya naɗe shi, ya fi shekara goma bai sake buɗe shi ba.

Ta kawo, ta warware tawul ɗin, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ko gudumar ce ta samu matsala. Gwada ta a jikin Uwa."

Ya dube ta, ya dubi tayil ɗin. Fuskarsa ta yi laushi kamar ya ga tsohon aboki. Ya karɓa da yatsu biyu, ya ɗaga shi daidai kunne.

"Yanzu za ku ji abin da ake kira amo," ya ce.

Ya ƙwanƙwasa.

Uwa ta yi waƙarta, siririya, tsaf, kamar shekara talatin da shida ba su wuce ba.

Baba ya tsaya da kai a karkace yana jira. Amon ya ƙare a kunnen kowa, shi yana jira. Ya sake bugawa. Ya mayar ɗaya kunnen, ya buga. Ya juya tayil ɗin ya duba bayansa, ya bi gefensa da farce.

"Wa ya yar da ita?"

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce wa ya taɓa mini Uwa?"

"Babu wanda ya taɓa ta, Baba," in ji Auta. Hawaye na sauka har haɓarta. "Ta yi amo. Duk mun ji."

Ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta rufe baki da gefen mayafi, ta gyaɗa kai. Ya dubi Dila. Dila, a karo na farko tun da aka san shi, bai ce komai ba.

Baba ya koma kujerarsa a hankali, Uwa a kan cinyarsa. Ya juya ga taga. Tsuntsayen suna nan a kan waya, bakunansu na buɗewa suna rufewa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Suna kuka?" ya tambaya.

"Suna yi, Baba."

"Butar ma?"

"Ita ma."

Agogon bangon kamfani yana ta tafiya. Dila ya yi wa leburorinsa alama da ido, suka tsaya a bakin ƙofa ba su san ko su ɗauka ko su bari ba.

"Kai," in ji Baba, bai juyo ba. "Mai tonon tudu. Matso inda zan ji ka."

Injiniya ya matso ya durƙusa dab da gwiwarsa.

"Ka san wannan?"

"Na sani, Baba."

"Ɗaga murya."

"Na sani!"

"Masu kyau nawa na zubar?"

Injiniya ya dubi Auta.

"Da kai nake. Ni ma'aikaci ne, ka ba ni rahoto."

"Daga inda fari mai shuɗin fure ya fara, Baba. Tsayin mutum biyu." Ya ɗago kai. "Amma daga nan zuwa ƙasa, shekara ashirin da bakwai, ban samu kuskure ko ɗaya ba. Na duba. Wallahi na duba."

"Ka sani, ina ce maka mai tsaga, kana cewa ka gode."

"E, Baba."

Baba ya rufe ido. Da ya buɗe, Auta ya nema.

"Fari mai shuɗin fure," ya ce. "Shekara tara ke nan. Mutanen nan huɗu da na kora, Auta. Nawa ne a cikin shekara taran?"

"Baba, bar maganar."

"Nawa?"

"Uku."

Ya gyaɗa kai sau da yawa, kamar mai karɓar hukunci. Bai yi kuka ba. Ya karɓi tawul ya naɗe Uwa, ya ajiye ta a gefe.

Can ya miƙe. Injiniya ya kai hannu zai taimake shi, ya ƙi. Ya taka har gaban zagayayyen teburin, ya tsaya yana kallon ɗigo-ɗigon da ke ciki. Ya sa yatsa a kan wani kore, ya matsa ga wani ruwan ƙasa, kamar mai neman sunansa a takarda.

Sannan ya juya gudumar, ya miƙa wa Auta ta wajen ƙota.

"Ban iya aikin nan kuma," ya ce. "Karɓi."

"Baba..."

"Karɓi, hannuna ya gaji."

Ta karɓa. Ƙotar da ɗumi, ta lotsa daidai wurin yatsunsa.

Baba ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan teburin, ya baje yatsu, ya rufe ido.

"Buga," ya ce. "Da kyau. Ba irin bugun 'yan koyo ba."

Auta ta share ido da bayan hannu, ta ɗaga gudumar, ta buga.

Amon ya tashi. Ta ga yatsun Baba sun ɗan motsa, kamar wani abu mai rai ya wuce ta ƙarƙashinsu. Bai ɗauke hannun ba har sai da rawar ta mutu gaba ɗaya.

"Sufeto," ya ce mata, idonsa a rufe. "Me kika ji?"

"Lafiyayye ne, Baba."

"Ɗaga murya. Baƙi ma su ji."

"Lafiyayye ne!"

Baba ya ɗauke hannunsa, ya goge shi a jikin riga.

"To a wuce da shi," ya ce.